Goggon Wayoyi, Auta Ta Yi Magana

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan nan, da hantsi, aka bugo mini waya cewa kin rasu, Goggon Wayoyi. Yaranmu ne suka raɗa miki sunan, ke ma'aikaciyar ɗakin auna ƙwaƙwalwa, har likitoci suka kama, naki na yanka ya ɓace.

Shekara biyu ke nan da na kawo miki 'yata Auta. Maganarta ta ɗauke, sai kallo. Mahaifinta yana narka tsofaffin batura a bayan gida, ashe ƙurar dalma tana shiga jininta ba mu sani ba. Tambaya ɗaya na zo da ita: yarinyar nan za ta sake magana?

Har yanzu ina ganin ɗakin nan kamar a mafarki. Labule shuɗi, ƙaramin gado, fanka tana juyi a kasalance. Da kanki kika tsefe mata kai, kina cewa, "Maman Auta, wannan kitson da fushi kika yi shi?" Kika manna mata wayoyi a kai ɗaya bayan ɗaya, kika zauna kina shafa ƙafarta har barcin rana ya ɗauke ta. Layuka suka riƙa tafiya a allo kamar ruwa a baho in an taɓa shi. Na tambaye ki ko mafarkinta kike kallo. Kika ce, "Mafarkinta nata ne. Ni dai na ga ƙwaƙwalwar tana tafiya, a hankali, amma ba ta tsaya ba."

Bayan gwaji kika wanke mata kai, kika mayar da kitson. Babu wanda ya sa ki, kuma haka kike wa kowace yarinya.

Ranar hutunki kika zo gidanmu, kika tsaya a kan mahaifinta sai da ya ɗauke aikin daga inda yara suke wasa. Ya yi ta cika yana batsewa, da kika tafi ya zauna ya yi kuka.

Duk wata uku muna zuwa, ba ki taɓa yi mini alkawarin za ta yi magana ba. Wallahi na sha jin haushinki a kan haka. Yanzu na gane ƙarya ce ba ki iya ba.

Jiya muka koma gwaji. Wata sabuwar ma'aikaciya ta ɗauko wayoyin. Auta ta dubi kujerarki, ta dube ni, ta buɗe baki ta ce, "Goggo fa?" Kalmarta ta farko a shekara biyu. Ba ni ta nema ba, kuma ban ji zafi ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa aljanna ce makomarki. Ga maigidanki, da 'ya'yanki, da abokan aikinki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya ba mu namu. Amin.