Gavrila Mai Gadin Malam-buɗe-littafi

Duk ƙauyen Poiana an san Gavrila Barsan da abu biyu: saniyarsa Joiana, da lalaci. Maƙwabta kan yanke ciyawar filayensu na kan dutse tun watan Yuni su shanya. Shi kuwa sai idin Waliyyi Ilie na wajen ƙarshen Yuli ya wuce, matarsa Paraschiva ta gaji da mita, sannan ya wasa dogon laujensa ya hau.

Ashe jinkirin nan ne ya yi wa wani irin malam-buɗe-littafi rana, mai ruwan goro da ɗigo-ɗigon baƙi. Tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen wani ɗan fure shunayya da ke lafe a ƙasa, kuma a filin Gavrila kaɗai take samun sukunin girma kafin lauje ya iso.

Ana nan sai ga wata Dakta Ruxandra daga birni da ragar kama ƙwari. Ta ga filin yana ta walƙiya da fukafukai, har ta yi ƙwalla. Aka zagaye shi da waya, aka kafa allo, aka hana yanka. Gavrila kuma aka ba shi hula, wai shi ne mai gadi.

"To, maigida mai gadi," in ji Paraschiva, "hular za ka ba Joiana ta ci in ƙanƙara ta sauka?"

"Ke dai ba ki san ilimi ba. Shekara arba'in kina ce min rago, ga masu digiri sun ce gwani ne ni!"

A hunturun farko Gavrila ya bi gida-gida yana roƙon ciyawa. Na biyu kunya ta hana shi. Da kansa ya ja Joiana ya kai wa surukinsa can ƙasan kwari, ya dawo shi kaɗai. Abin ya ci shi ƙwarai.

Filin kuwa, da ya ga ba lauje, sai ya zama sarƙaƙiya. Inuwa ta kashe furen, malam-buɗe-littafi ya yi nasa wuri. Shekara huɗu Gavrila yana gadin allo.

Dakta ta dawo, ta kwana uku tana wurga raga, ko ɗaya ba ta kama ba.

"Baba, albishirinka!" ta ce masa. "Bincikenmu ya gano sabon abu: dole a riƙa yanka ciyawar, amma a makare."

Gavrila ya cire hular ya miƙa mata.

"'Yata, laujen yana nan. In na yanka, wa zai ci?"