Agwagwar Injiniya

A duk sana'o'in da na yi a duniya, daga dakon dila a Kantin Kwari har ɗaure kwali a Port Saeed ta Dubai, babu wadda aka taɓa yaba mini a kanta sai zama agwagwa. Karatuna a aji uku na firamare ya tsaya, sauran a jikin kwalayen kago na ƙarasa shi, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun dako ne.

Ɗakinmu a Hor Al Anz yake, cikin irin gidajen nan da ake yanka falo da katako a mai da shi ɗakuna, maƙwabci ya yi atishawa kai ka yi masa addu'a. Gado mai bene gare mu, ni a ƙasa saboda gwiwa, abokin zamana a sama. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya haura arba'in, furfura ta fara leƙo masa a gemu. Matarsa da yaransa suna gida, saboda su yake matse kansa a wannan akurki. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Baba.

Wani ƙaramin kamfani yake wa aiki a Dubai Investments Park, masu haɗa na'urar da ke rarraba kwalaye a sito. Kwali ya hau bel ɗin da ke jan kaya, na'ura ta auna shi, ta tura shi layinsa. Shi ba ƙarfe yake taɓawa ba. Abin da ya ƙera wai shi kompaila.

"Tafinta ne, Baba," in ji shi. "Mutum ya rubuta abin da yake so, tafinta ya juya shi zuwa yaren da na'ura ke ji."

"To duk duniya babu tafinta sai naka?"

"Akwai na kyauta, kowa na amfani da shi. Amma nawa ya fi shi sauri. Saurin nan shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ke sabunta mini biza."

Da alfahari yake faɗin haka, ni kuma ina taya shi. A wurin aiki har cika baki nake yi cewa da masanin na'ura nake kwana ɗaki ɗaya, kamar ilimi mura ne ana ɗauka.

Sai na'urar ta fara hauka. Ta yi kwana da kwanaki lafiya lau, sai rana tsaka ta auna kwalin takalma ta ce ya kai nauyin raƙumi, ta wurga shi layin da ba nasa ba. Masu sito suka kawo ƙara. Aka juya na'urar da tafintan kyauta a ɗakin gwaji, haukan bai fito ba. Aka mayar da na Injiniya, ya dawo. Manajansu ya ce masa ya gano abin kafin lokacin sabunta kwantiraginsa, in ba haka ba, khalas, aiki ya ƙare.

Mutumin da ke cinye kwanon shinkafa ya leƙa nawa ya koma sai shayi. Ranar Lahadi in ya dawo daga coci ko takalmi ba ya cirewa, sai ya buɗe kwamfuta. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ya sa wa shirin da ke juya na'urar ido, wato ya dasa alamomi don ya ga inda yake ɓacewa, sai ciwon ya ɓuya. Ya cire alamomin, ya dawo.

Na ce, "Injiniya, wannan aljani ne mai kunya. Bari in karɓo maka rubutu a zuba wa na'urar."

"Baba, don Allah."

"To a kashe a kunna. Ko a ɗan maka mata takalmi. Rediyona da haka ya rayu."

Bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Za ka yi mini agwagwa?"

Na ɗauka zagi ne, har na fara laluben amsa. Ashe wata al'ada ce ta masu wannan sana'a. In abu ya gagare su, sai su ajiye 'yar agwagwar roba a gabansu, su yi ta yi mata bayanin aikin layi bayan layi, ba tsallake. Wai garin bayyana wa wanda bai san komai ba, sai bakinka ya furta abin da idonka ya daɗe yana tsallakewa.

"Kai ka fi ta roba," in ji shi. "Ita ban tabbata ba ta sani ba. Kai kuwa na tabbata."

Haka muka fara. Bayan la'asar in na taso, sai in zauna a bakin gado da kofin shayin karak, ya jawo kujera ya juyo mini da kwamfutar. Sharaɗi ɗaya ne, kada in yi magana. Jama'a, ni da ko a sahun salla sai na danne bakina. Na kan yi shiru har ya yi nisa, sai in ce, "Wannan layin kam ban yarda da fuskarsa ba." Ya ce, "Baba, agwagwa ba ta magana." In ce, "Ta garinku."

Duk da haka wani abu ya shiga kunnena. A cikin ƙwaƙwalwar na'ura akwai wasu 'yan aljihuna, rajista suke ce musu, ba su da yawa, amma abin da ke cikinsu ya fi saurin ɗaukowa. Shiri kuma gunduwa-gunduwa ne, wannan ya kira wancan ya yi masa aiki ya dawo. To akwai ƙa'idar kira da kowa ya amince da ita. Wasu aljihunan, wanda aka kira dole ya mayar da su yadda ya same su. Wasu kuma na kowa ne, in ka bar kayanka a ciki ka kira wani, yana da ikon zubar da su ya sa nasa. In kana son kayanka, kai za ka kwashe ka adana kafin ka yi kiran, ka dawo da su bayan an gama.

Wannan na gane shi, don haka muke yi da baro a bakin ruwa. Akwai baron da ke da mai shi, akwai na kowa. Ka bar kwalinka a na kowa ka tafi shan ruwa, ka dawo ka tarar da shi a ƙasa, ba ka da bakin magana. Na faɗa masa haka. Ya ce, "To, agwagwa ta yi karatu. Yi shiru."

Makonni muka yi a haka. Ya rame har wandonsa na zamewa. In matarsa ta kira sai ya fita baranda cikin zafin nan mai kama da bakin tanda, ya gyara murya, in ji yana cewa aiki lafiya, komai lafiya. Ya dawo ya zauna kamar an zare masa laka. Ni ma barkwancin ya fara ƙare mini. Ina zaune ina kallon baƙaƙen da ba zan taɓa karantawa ba, ina kallon mutum yana nutsewa, abin da zan iya miƙa masa kawai kunne ne, shi ma ɗaya ya fara toshewa.

Wata Asabar da hantsi ya iso wani wuri da bai taɓa kawo ni ba, don a cewarsa tsohon wuri ne, tun farkon aikin ya gama da shi. Ya ce tunda ba tsallake, bari mu bi.

"Nan tafintana yana ajiye nauyin kwali a wannan aljihun. Sai ya kira shirin masu ma'auni, wato kamfanin da ke sayar mana da sikelin, nasu ne, a rufe yake, ba ma ganin cikinsa. Ba na kwashe nauyin kafin kiran, saboda kwashewa da mayarwa su ke cin lokaci, kuma na gwada na ga shirinsu ba ya taɓa wannan aljihun. Ba ya taɓa shi sai dai in…"

Ya tsaya. Bakinsa a buɗe. Ya jawo kwamfutar gabansa ya shiga bugawa, ni dai ina riƙe da kofi. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Sai in kwali biyu sun hau sikeli a manne."

Na miƙe har gwiwata ta yi ƙara. "An kama shi?"

"An kama shi."

Ban tsaya jin sauran ba. Na sa takalmi na sauka, na je wurin Bapakistanen da ke ƙasan gidanmu na sa ya gasa mana kaza, na haɗo da burodi mai zafi. Ina hawa bene ina waƙa. A raina har na tsara yadda zan ba da labari a wurin aiki, in ɗan ƙara wa agwagwa matsayi.

Na tarar da shi ya rufe kwamfutar, ya yi tagumi.

"Yalla, Injiniya, sauko da hannu. Yau take salla, har da kai."

"Baba, zauna." Na zauna. "Aljihun nan na kowa ne. Masu ma'auni ba su yi laifi ba, ƙa'ida ta ba su. Ni na bar kaya a baron kowa."

"To sai ka kwashe. Ba shi ke nan ba?"

"Ba wuri ɗaya ba ne. Duk tafintan a kan wannan dabarar na gina shi. Duk inda ya ga zai tsira ba tare da kwashewa ba, ba ya kwashewa. Saurin ke nan, Baba. Babu wani saurin. Yanzu na gyara na gwada." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Daidai yake da na kyauta. Wani wurin ma na kyautan ya ɗara shi."

Kazar na huci a tsakaninmu. Shaiɗanin da ke kaina ya ce in gwada, na kuwa gwada. "Toshe wannan ramin kaɗai mana, ka yi shiru da sauran. Wa ya sani? Ni dai agwagwa ce."

Ya girgiza kai. "Yau kwalin takalma ne. Akwai sitocin da ke rarraba magani da na'urar nan. Kuma ban san ramuka nawa suka rage ba."

Ranar Litinin ya je ya faɗa musu komai. Ba su yi masa tsawa ba, har manajan ya gode masa. Suka ce za su juya duk na'urorin da tafintan kyauta na ɗan lokaci, su ji abin da masu sito za su ce game da raguwar saurin. Injiniya ya riƙe wannan kamar igiya. Ya ce mini in masu sito suka yi kuka, dole a neme shi ya nemo saurin ta hanyar da ta dace, kuma yana da dabaru. Ya koma cin abinci kaɗan-kaɗan. Ni da ban taɓa roƙon Allah Ya kawo wa wani cikas a sana'arsa ba, na dinga roƙon bel ɗin mutanen nan ya yi nawa har su fusata.

Wata rana da yamma na dawo na same shi zaune a kan gadona, abin da bai taɓa yi ba. Katin shiga ofis da kullum ke rataye a wuyansa babu shi, an karɓe.

"Sun yi kukan?" na tambaya.

"Manaja ya kira su ɗaya bayan ɗaya." Muryarsa a daidai take, ita ta fi ba ni tsoro. "Babu wanda ya lura an canja komai. Bel ɗin ne ke da nawa, Baba, ba ƙwaƙwalwar ba. Duk shekarun nan tafintana yana gama lissafi ya zauna yana jiran kwali ya iso."

Na matsa kusa da shi. Na zauna a bakin gadon.

Ya ɗauki wayarsa ya juya ta a hannu. "Yaran sun kusa tasowa daga makaranta. Gara in samu uwarsu kafin su shigo."

Bai fita baranda ba. Ni na fita, na ja masa ƙofar.