Dattijon da Takardar Gidansa Ta Yage

Yana zaune kusa da ni a ofishin sabunta takardun gida, dattijo mai furfura, rigarsa ta sha guga. A cinyarsa akwai fom na Turanci da wani ƙaramin ƙamus da bangonsa ya fita. Yana lasar yatsa yana buɗe shafi. Ya rubuta kalma, ya soke, ya rubuta wata.

Can ya leƙa tagar magatakarda. "Ɗana, kalmomin yagewa a Turanci sun fi biyar. Wacce ke nuna takarda ta tsufa ta kece da kanta?"

Magatakarda ya duba ƙamus ɗin. "Baba, ta farkon da ka rubuta asalinta fizga da ƙarfi ne. Ta biyun kuma yin gutsi-gutsi da abu. Duk da hannun mutum a ciki."

"To, nemo min marar hannu."

Ya dawo ya zaro takardar gidansa daga ambulan. Ba na son sa ido, amma na gani. Fes take, ko lanƙwasa babu. Kusurwa ɗaya ce ta tafi, daidai inda ake jera sunayen masu gida. Suna ɗaya na nan cikakke, na biyun saura harafin farko. Ƙanwarsa ce? Matar marigayi wansa? Wataƙila ma ɓera ne ya ci, ni ke ɗaukar alhakin bawan Allah.

Ya lura ina kallo. Ya ɗora babban yatsa a wurin, ya tambaye ni ko ina jin Turanci. Shekara goma ina koyar da shi, amma na ce masa a'a.