Na Kori Malamin Da Ni Na Roƙo Ya Zo

A lokacin ina matashi a unguwar Soron Ɗinki, na ɗan iya rubuta manhaja, amma ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro kwamfuta. Na buɗe guruf a waya don masu son koyon kodin, wato rubuta manhaja, da Hausa, kuma da yake na fi kowa sani a ciki, sai aka riƙa ce min Malam. Ba zan ɓoye ba, sunan ya yi min daɗi. Sai dai ilimin nawa ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. In an kawo tambaya mai nauyi sai in laɓe da cewa netwok ne, mutane kuwa suka fara zamewa.

Dole na shiga neman ƙwararre. Na roƙi mutane da dama, wasu ko sallamata ba su amsa ba. Daga baya aka haɗa ni da wani bawan Allah a Dukawuya, mai yi wa wani kamfanin waje aiki daga ɗakinsa. Sai da na yi ta sintiri gidansa kafin ya yarda. Koyarwarsa irin ta karatun zaure ce: kowa ya turo abin da ya rubuta, ya bi shi layi-layi, ya gyara, ya sa masa albarka. Guruf ya cika, har da matan aure. Sannu a hankali na lura in an ce Malam, ba ni ake nufi ba. Ni na koma admin.

Abin da ya ƙarasa ni ƙaramar Sallah ce. Ɗalibai suka haɗu suka je masa gaisuwa, suka turo hoto cikin guruf ɗin da na raya da datata, wasunsu ma ta ƙofar gidanmu suka wuce. Hassada ta turnuƙe ni, ko tuwon Sallah ban iya ci ba. Na same shi da fuskar tausayi, na ce ɗalibai suna ƙorafi a bayan idonsa, wai yana kunyata su a gaban jama'a, nauyinsa ne ya hana su faɗa. Na san halinsa, ba zai tambayi kowa ba. Ya gode min, daga nan bai sake leƙo guruf ɗin ba. Su kuma na ce musu aiki ya yi masa yawa, kada a dame shi.

Na dawo Malam, amma tambayoyi suka taru ba amsa, jama'a ta watse. Wata baiwar Allah da ta kusa kammala manhajar shagon ɗinkinta a nan ta ajiye ta.

Bara muka haɗu a wajen jana'iza. Ina ƙoƙarin sulalewa ya riƙo hannuna ya ce, "Malam, don Allah ka nema min gafarar yaran nan. Tun daga ranar ban sake koyar da kowa ba, tsoro nake kada in kuma cutar da wani."

Har yau ban iya gaya masa gaskiya ba. Ashe ba guruf kaɗai na kashe ba, na raba duk wanda zai koya a wurinsa da malami. Don haka 'yan uwa masu buɗe zaurukan koyo, in Allah ya kawo muku wanda ya fi ku, ku sauka ku zauna cikin ɗalibai, ku ma ku ƙaru. Ni na ƙi zama, ga shi a duk garin nan mutum ɗaya ne ya rage yana ce min Malam, shi ne wanda na zalunta.