Tebur Ɗaya da Surukata a Bakin Bakolori

Ana sallame sallar asuba muka ɗora kaya, gari bai gama wayewa ba muka bar Bakura. Mu shida ne a cikin 'yar tsohuwar motata: ni da mai ɗakina, da yaranmu uku, da surukata wadda duk gidan muke kira Inna. Ita za mu mayar gida Maradun. Amma na ce tunda an fito, sai mun biya yara sun ga dam ɗin Bakolori da ake ta labari, mu kuma ci abincin rana a gidan abinci, abin da iyalina ba su taɓa yi ba.

Jinya ce ta kawo Inna gidanmu. Autanmu, ɗan shekara uku, ya yi baƙon dauro mai tsanani, har sai da muka fara fitar da rai. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da cin abincinsa. Uwarsa ta ba shi ya kawar da kai, yayyensa su yi masa wasa ya rufe baki. Hanya ɗaya ce ta rage: Inna ta zauna da kwano a gabanta tana ci, shi kuma ya raɓe a jikinta, loma ita, loma shi. To ga damina ta matso, tsohon mijinta na can shi kaɗai, dole ta koma. Malamin asibiti kuwa ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in yaron nan bai ci abinci sosai ba, zai sake kwanciya. In na kama damtsensa, yatsuna biyu ke zagaye shi. Dabarata ita ce in ya ga sabon wuri, ya ga yayyensa kowa da farantinsa, kwaɗayi zai ja shi ya ci ba tare da Inna ba.

Tun wajen shiga mota aka fara lissafin kunya. Inna ta zaɓi kujerar da ke bayana daidai, inda ba za mu haɗa ido ba, ni kuma na ɗan karkatar da madubi don in taimaka mata. Daga Bakura zuwa bakin kwalta hanyar ta sha tifofi, sai kwazazzabai, muna tafe yara na karo da juna suna dariya. Amma abin kallo ya biya wahalar. Ga rani bai ƙare ba, ga kore shar hagu da dama, magudanun siminti sun miƙe ɗoɗar cike da ruwa, manoma sun naɗe wando suna buɗe wa tumatir da masara hanya da shebur. Wanda ya san wannan daji ta wajen Dakko a da, ba zai gane shi ba. Bishiyoyin da muke shaida hanya da su duk katafila ta kwashe.

Mun shiga Talata Mafara da hantsi. Ba ranar kasuwa ba ce, amma garin cike yake da leburori da direbobi da masu harsuna iri-iri da aikin dam ya tara. Kuɗi sun shigo, tsada ta biyo su. Ƙosan da mai suya ta zuba mini, a Bakura da ta ji kunyar miƙo shi a kan wannan kuɗin. Na raba wa kowa. Manyan yaran suka cinye nasu kafin in tayar da mota, Inna ta ƙulle nata a gefen mayafi ta ce ta riga ta karya, auta kuma ya riƙe nasa a hannu har ya huce. Ban kawo komai a raina ba.

Dam ɗin kam ya wuce yadda ake faɗa. Da muka hau kan ganuwarsa, yaran da ba sa rufe baki suka yi tsit. Ruwa ne iya ganinka, can nesa kawunan busassun itatuwa sun leƙo, masunta na ratsa tsakaninsu da kwalekwale. Babbar 'yata ta tambaye ni ko wannan ne tekun da suke karantawa a makaranta. Ina cikin yi mata bayani da hannu da ƙafa, na ji Inna na magana da 'yarta ƙasa-ƙasa, tana nuni da haɓa.

"Can inda tsuntsayen can sunka sabka, nan hwadamarmu take. Tsamiyar da kike hawa tana ƙasa nan."

Ta gyara goyon auta ta juya. Ni na kawo mutane kallo, ashe a cikinmu akwai wadda gonarta ke kwance a ƙarƙashin abin kallon.

Rana ta take muka sauka gidan abincin da abokan aiki suka yaba mini, kusa da gidajen ma'aikatan dam. Ɗaki ne guda dogo mai rufin kwano, da tebura an shimfiɗa musu leda, da kujerun ƙarfe, da firji mai kananzir a lungu. Akwai shinkafa da miya, akwai tuwo, akwai taliya irin wadda Turawan aikin suka koya wa masu dafa musu abinci, ga soyayyen kifi karfasa da aka kamo da safen nan. Babu labule, babu tabarma, kowa na ganin bakin kowa. Na sa aka haɗa mana tebur biyu, na zauna a kai ina jin kaina wani wayayye. Inna ta zauna can ƙarshe, ta juya kujerarta gefe.

Duk wanda bai taɓa kai yara ƙanana gidan abinci ba, ya shirya. Na tsakiyan, ɗan shekara biyar, kafin in ankara ya ɗaga kwanon wanke hannu ya kurɓa. Yayarsa ta ɗauki cokali mai yatsu ta shiga kokawa da taliya, in ta kamo ta nan ta zille ta can, ƙarshe ta ajiye ƙarfen ta sa hannu. Lemon kwalba mai sanyi ya hau wa yaron hanci, ya yi gyatsar da ta sa direbobin teburin gaba suka juyo suna dariya. Ya kuma tambaya da ƙarfi me ya sa matar nan ta ba mu abinci alhali ba mu san ta ba. Uwarsu na share wannan, tana harar wancan, nata abincin na hucewa.

Auta kaɗai bai taɓa komai ba. An zuba masa shinkafa a ɗan faranti, an cire wa kifi ƙaya, amma idonsa na kan hannun Inna, hannun Inna kuwa na cikin mayafi. Na ce, "Inna, bisimilla mana." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdu lillahi Malam, na ƙoshi." Na sake matsa mata faranti, abin da ya ƙara dagula lamarin. Yaron ya fara wannan kukan nasa marar ƙarfi da na tsana tun kwanakin ciwo. Raina ya ɓaci, na fara tunanin tafiyar ta tashi a banza.

Sai mai ɗakina ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, ka manta wani abu cikin mota."

Ban manta komai a mota ba, amma na gane. Tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin Inna ta kai loma baki ba, kuma ba zan gani ba. Suruka ba ta ci a gaban mijin 'yarta. A gida ban taɓa lura ba, domin akushina zaure ake kai mini, in ci da maƙwabta. Yau na hana ta ƙosan safe, na zo na hana ta na rana, yaron kuma ya bi ta suka yi azumin tare. Na ɗauki farantina na fita, na zauna a benci gindin bishiyar dogon yaro, na ba tagar ɗakin baya.

Ban iya ci ba. Na san yanzu za su ci, amma me aka yi? Kafin la'asar Inna na Maradun, gobe kuma wa zai zauna da shi? Tsoro ya kama ni sosai a wurin nan, ina kallon shinkafa tana sanyi.

Can sai na ji an taɓa gwiwata. Auta ne, yayarsa ta rako shi bakin ƙofa ta koma. Bakinsa da maiƙo, ya dunƙule tsokar kifi a hannu.

"Inna tac ce in kawo ma."

Na karɓa na ci. Ya koma da ɗan gudunsa na mai koyon ƙarfi, ya sake dawowa da wata. Da ya dawo karo na uku, hannunsa babu komai.

"Ta ce ita ta ƙoshi. Wai kai kaɗai kake, ba mai taya ka."

Na ɗora shi a cinya, na ajiye cokali, na wanke hannu da ruwan buta. Na dunƙula loma na kai bakina. Ya bi hannuna da kallo, sannan ya sa nasa a farantin. Loma ni, loma shi, har muka ga gindin faranti, ya kuma nemi ƙari. Wani direba da ke kwance a bencin gefe ya ce, "Malam, yaji ya yi yawa ko?" Na ce masa ƙwarai kuwa, na share idona da hannun riga. A ranar na fara cin abinci kwano ɗaya da ɗan cikina.

Daga nan zuwa Maradun ba nisa. Unguwar da aka mayar da su Inna saboda ruwan dam gidaje ne a jere, sababbi, babu inuwar kirki. Muka durƙusa muka gaisa da tsohon, gaisuwa ta kai ta kawo, aka tambayi jiki da hanya da mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya. Da za mu tashi auta ya maƙale wa Inna, ta ɓamɓare shi tana tsokana: "To angona, tunda ka samu abokin ci, ni na huta." Sannan ta juya wajen 'yarta, ina tsaye ina ji, ta ce, "A ce ma Malam shi riƙa yin loma ta hwarko. Yaron ba ya sa hannu sai ya ga an hwara."

A hanyar dawowa duk suka yi barci, na mayar da madubi daidai ina leƙen su. Mun iso Bakura rana na shirin faɗuwa. Ga mai niyyar kai iyali gidan abinci, shawarata kaɗan ce: ya tafi da tsumman share hannu, ya tambayi yawan yaji tukuna, ya janye kwanon wanke hannu daga gaban yara. In kuma akwai suruka a tafiyar, ya nemi benci a waje tun kafin a tuna masa abin da ya manta a mota. Na fita da tunanin sabon wuri da sabon faranti ne za su buɗe wa yaro baki. Ashe shi abokin ci yake nema, kuma ni da ke gidan ban taɓa zama ba.

Bayan magariba aka kawo tuwo zaure kamar kullum, maƙwabta suka zagaye akushi. Mun yi bisimilla ke nan na hangi auta a bakin ƙofar cikin gida, hannunsa na ɗigar ruwa, ya wanko shi da kansa. Na matsa na buɗe masa wuri a gefena. Na gutsuri lomar farko na kai baki, shi kuma ya sa hannu.