Jifan da Ya Kai Ni Jidda

Zariya zuwa Kano

Tun kafin kiran assalatu na bar gida da jaka biyu, ɗaya ta kayana, ɗaya ta maganin Anas. Anas ɗan yayata Hajara ne. A Jidda aka haife shi, a can ya girma har ya yi gemu, kuma ban taɓa sa shi a ido ba sai a hoto. Ita Yaya tun ina saurayi ta bi mijinta can, ya rasu ya bar ta a unguwar Nuzla da wannan ɗa guda.

Abin da ya tashe ni saƙon murya ne da ta turo. Ta ce, "Isiyaku, ku sa mu a addu'a. Jifa ya ci hannun Anas. In bai warke ba, za su sallame shi daga aiki, iƙamarsa ta mutu." Iƙama ita ce takardar zaman ƙasa, kuma tana hannun wanda kake yi wa aiki. In ta mutu ba a sabunta ba, sai ka tattara ka bar ƙasar, ko da a cikinta aka yanke maka cibi.

Ni da mai ɗakina muka yi ta maimaita saƙon. Ba wanda ya tsaya tambaya, domin a Zariya in an ce jifa ya ci mutum kowa ya san aikin maƙiya ne, kuma ba magana ce da ake tonawa a waya ba. Dama ina da niyyar umra, sai na matso da ita. Malamin unguwarmu ya yi rubutu, aka jiƙa auduga da shi aka shanya, aka haɗo saiwoyi da turaren hayaƙi. Mai ɗakina ta binne su tsakanin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa.

Na yi shekara da shekaru ina tuƙa babbar mota, saboda haka ba direban da yake burge ni. Wanda ya ɗauke mu wani matashi ne mai son wuce mota a kan kwana. Wajen Kwanar Dangora na ce masa jirgina ba zai tashi ba sai hantsi, ya daina gaggawar kai ni lahira. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai kai ma ka yi naka zamanin." Ban musa ba. A shingen 'yan sanda wani ya shinshina jakar maganin, daddawa ta amsa masa, ya ce mu wuce.

Kano zuwa Jidda

A filin jirgi na ɗaura harami. Sanyin cikin jirgin ya hana ni sakat, na yi ta jan mayafin ina rufe kafaɗa. Da aka yi sanarwar mun daidaita da miƙati muka ɗauki talbiyya, wani dattijo ɗan Gusau da ke gefena ya fashe da kuka, ni ma idona ya kawo ruwa.

Da muka sauka tsoro ya kama ni, don na sha jin cewa mutanen nan ba sa wasa da abin da ya yi kama da tsubbu. Jami'in ya buɗe jakar, ya ɗaga ƙullin kuka ya tambaye ni da hannu. Na kwatanta masa loma. Ya mayar ya rufe, ya yi mini barka da zuwa. Na fita ina godiya ga Allah da kuma daddawar mai ɗakina.

A waje wani dogon saurayi ya nufo ni, kafaɗunsa sun cika riga. Ya sumbaci goshina ya ce, "Ahlan ya khali, sannu da hanya, Kawu." Hausarsa tana ɗingishi, rabinta Larabci. Na lura da hagu ya ɗauki jakunkunan duka biyu, hannun dama yana lanƙwashe a ƙirjinsa. Na ce a raina lalle wanda ya yi wannan aikin ba ya tsoron Allah.

Makka

Kai tsaye ya wuce da ni Makka. Da hannu ɗaya yake tuƙi, amma ban samu abin kushewa ba, na kuwa nema. A shingen Shumaisi aka duba takardata muka wuce. Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji da na ga Ka'aba ba. A ɗawafi duk addu'ata ɗaya ce: Allah ya warware abin da aka ƙulla wa yaron nan, ya mayar wa mai shi. Anas yana bayana yana tare mini turereniya da kafaɗar hagu, bai san da wa nake faɗa ba.

Nuzla

Sai da dare ya yi muka shiga Nuzla. Lunguna ne matsattsu, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗiga a kan masu wucewa, kuma ko'ina Hausa kake ji an cakuɗa da Larabci. Yaya tana bakin ƙofa. Ta tsufa, ta koma kamannin mahaifiyarmu sak. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, sai maƙwabciyarta ce ta ce mu shiga ciki mana.

Bayan mun ci shinkafa bukhari da tsiren da su suke kira siriya, na sa aka rufe ƙofa. Na jawo jakar na shiga fito da kaya ina bayani: wannan a jiƙa ya sha, wannan ya yi hayaƙi da safe, wannan a shafa a hannun. Sannan na rage murya na tambayi Yaya ko tana zargin wani, a wurin aiki ko cikin dangin mijinta.

Ta dube ni, ta dubi audugar. "Zargin wa, Isiyaku?"

"Wanda ya yi masa jifan mana."

Sai ta riƙe baki. Dariya ta ci ta har ta kwanta a kan darduma, tana share hawaye da gefen mayafi. Anas yana ta tambayar me ya faru da Larabci, "Esh fi, Umma?" Da ta fassara masa, ya tashi ya ɗauko wata farar ƙwallo mai jan ɗinki, ba ta fi lemo girma ba, ya sa mini a tafi. Ya ce, "Kawu, ba wanda ya jefe ni. Ni ne nake jifa. Shugulina ke nan, aikina."

Wasan sunansa besbol. Tun yana ƙarami ya koya wurin wasu 'yan Filifin da ke bugawa a fili kusa da makarantarsu, aka ga hannunsa yana da ƙarfi. Wani kamfani mai manyan sito a kudancin Jidda ya ɗauke shi aiki, ya zama kafilinsa, wato mai riƙe da iƙamarsa, amma kowa ya san ba don lissafin kwalaye aka ɗauke shi ba. Mudir ɗin, wato shugaban wurin, mayen wasan ne, yana da ƙungiya a ƙaramin rukunin da kamfanoni ke fafatawa. Anas ya daɗe yana sa ran a ɗauke shi babbar ƙungiya, har wani ya taɓa zuwa ya kalle shi, bai sake dawowa ba. Yanzu jijiyar gwiwar hannun ta yage. Likita ya ce in ya ci gaba, wata rana ko kofin shayi zai gagare shi. Mudir kuwa ya ce ranar Juma'a za a gani: in ya iya jifa a sabunta iƙama, in bai iya ba, halas, shi ke nan.

Na ji kunya, amma ba ta daɗe ba, tsoro ya maye gurbinta. Da maƙiyi ne, na zo da abin yaƙarsa. Wannan kuwa ba ni da maganinsa a jaka. Yaya ta tsince kukar da daddawar tana sa wa mai ɗakina albarka. Rubutun ta ce ayoyin Allah ne, zai sha.

Filin bayan Waziriyya

Ranar Juma'a bayan asuba muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, muka nufi filin. Yana bayan unguwar Waziriyya, tsakanin sito-sito, ƙasa ce fara ba ciyawa ko ɗaya. Da sassafe suke yi don rana ba ta da mutunci a garin nan. 'Yan kallo ba su fi cikin mota biyu ba. Mudir yana zaune a kujerar roba ƙarƙashin laima, da carbi a hannu.

Ga yadda na fahimci wasan. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, wani yana tsugune can gabansa da ƙatuwar safar hannu, a tsakaninsu kuma ga abokin gaba riƙe da gora. In ya kai duka ya kuskure sau uku, ya fita. In ya samu ƙwallon, sai gudu. Sauran dokokin na bar musu.

Anas ya hau tudun. Ya ɗaga ƙafa, ya murɗa jiki, ya saki. Ban ga ƙwallon ba, ƙararta kawai na ji a safar. Ya fitar da na farko, ya fitar da na biyu. Ni da na zo jinya sai ga ni tsaye ina ihu da Hausa, wani Basudane yana taya ni. Mudir ya ajiye carbi yana gyaɗa kai.

A zagaye na gaba na ga abin da ban so gani ba. Bayan kowane jifa sai ya juya baya ya cije leɓe. Ƙwallon ta rage gudu, aka fara samun ta, wani ya maka ta har bayan katanga. Mai tsugunon, wani ɗan Filifin mai furfura, ya taso ya yi masa magana a kunne, Anas ya girgiza kai. Ya sake jifa ɗaya, ƙwallon ta faɗi a ƙasa tun ba ta kai rabi ba.

Ya tsaya ya dubi mudir, ya dubi hannunsa, sannan ya dubo inda nake. Ban san dokar wasan ba, amma na san ɗan 'yar uwata ne. Na ɗaga murya na ce, "Anas, sauko haka nan. Kana da gida."

Ban sani ba ko duk ya gane Hausar. Daga nan ya sunkuya ya ajiye ƙwallon a kan tudun da hagu, ya tako a hankali ya fito. 'Yan ƙungiyarsa da na abokan gaba duk suka tafa masa. Mudir ya taso ya dafa kafaɗarsa, ya yi maganganu masu daɗi, amma bai canza komai ba. Iƙamar ba za a sabunta ba, sai dai in ya samu wani kafili kafin ta ƙare, kuma duk mun san ba a rububin mai ciwon hannu.

A mota ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka sosai. Na bar shi ya gama, sannan na ce ya koma gefe, na karɓi tuƙin.

Komawa

Sauran kwanakina na yi su tsakanin Harami da ɗakin Yaya. Ita ta yi ta tambayata mutanen da: wane yana nan, wance fa, rijiyar gidanmu an cike ta ko tana nan. Rabin waɗanda ta ambata sun rasu.

Ranar tafiyata su biyu suka raka ni filin jirgi. Anas ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, ni ban taɓa ganin Najeriya ba. In na zo, za su ce ni baƙo ne?"

Na ce, "Za su ce. Wata guda. Daga nan su fara aiken ka kasuwa."

Ya yi dariya, karo na farko tun ranar Juma'ar. Yaya ta miƙo mini ledar dabino da zamzam, ta gyara mini wuyan riga kamar ina yaro, ta ce, "Mijina yana kwance a ƙasar nan, shi ya riƙe ni. Amma ba zan zauna gadin kabari ɗana yana wani wuri ba. Ka gyara ɗaki biyu, Isiyaku."

Na sauka Kano lafiya, na samu direba mai hankali har Zariya, wanda ban yi masa gyara ba sai sau ɗaya. Da magariba na shiga gida, jikoki suka yi caa a kan dabino. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni, ina godiya ga mutanen Nuzla da suka ciyar da ni kamar sun san ni, da ɗan Filifin ɗin nan da ya fara ce wa yaronmu ya tsaya. Anas ya rasa wasansa da garin da aka haife shi, wannan kam akwai ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma hannunsa yana jikinsa.

Washegari na sa aka kwashe buhunan masara daga ɗakin zaure, na kira mai fenti. Ɗakin mahaifiyarmu kuwa, da yake rufe tun rasuwarta, ni da kaina na buɗe shi na share.