Rijiyoyin Baba Sun Dawo Babu Suna

Baba bai iya zama ba. Ko baƙunci muka je aka ba shi kujera, kafin a kawo ruwa ya tashi ya zagaya bayan gida yana murɗa famfon mutane. Shekara talatin da huɗu ya yi yana haƙa rijiyar burtsatse, shi da wata tsohuwar mota mai ɗauke da injin haƙa, wadda Mama ta ce ta fi mu sanin fuskarsa. Mutane Mai Ruwa suke ce masa. Ni kuwa, 'yarsa ta uku, Akawu yake kirana, don aikin buga takardu nake yi a ofis.

Yana da wata ɗabi'a a wurin aiki. Duk bututun da ya shige ƙasa sai ya ɗebi abin da injin ya tofo, ya murza a yatsa, ya shinshina, sannan ya zaro ɗan littafi daga aljihun gaba ya rubuta. Jar ƙasa zuwa mita tara. Yumɓu. Tsakuwa. Dutse a talatin da ɗaya. Ruwa a arba'in da huɗu, mai yawa. Rijiya ɗari shida da goma sha biyu ya haƙa, kuma babu wadda ta tsere wa alƙalaminsa, har waɗanda aka sha wahala aka tashi babu ko ɗigo. "Wadda ta ba ni kunya ta fi amfani," in ji shi, "ita ke hana wani zubar da guminsa a banza."

Da gwiwa ta ƙi, ya sayar da motar, littattafan nan suka zama sana'arsa. Masu haƙa na yanzu sukan tsaya a ƙofar gida kafin su kafa inji. "Baba, bayan tashar mota za mu shiga, mita nawa?" Sai ya buɗe kwali, ya lalubo littafi, ya ce musu kada su tsaya a ruwan farko, na ƙarya ne, su ci gaba har hamsin. Ranar da aka zo tambaya, ranar yana cin abinci da yawa.

A nan na shigo da iyayina. Na ga gara ta fara cin kwalin, na kwashe littattafan na buga su a kwamfuta, wata takwas ina yi, kowace rijiya da fayil ɗinta. Wannan ba laifi. Laifin shi ne da na gama, ni da bakina na ce a ƙona kwalin, kada garar ta haye kayan Mama. Baba ya yi ta jan ƙafa. Na ce masa, "Haba Baba, wa yake ajiye takarda a zamanin nan? Kwamfuta ba ta mantuwa." Ni na ƙyasta ashanar.

Shekara biyu bayan haka ya faɗi a banɗaki. Likita ya ce ƙaramar shanyewar jiki ce. Hannu da ƙafa suka dawo, amma kan ya fara yoyo. Ya sha magani ya ce bai sha ba, ya nemi hularsa tana bisa kansa. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce abin ƙaruwa zai yi. Daga nan kwamfutar ta zama kansa na biyu. Ya koyi danna wurare uku, kuma da ukun nan yake amsa wa duk mai tambaya ba tare da kowa ya gane akwai matsala ba.

Wata Talata da hantsi yana kan kwamfutar aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita kwamfutar ta tashi lafiya lau, amma ɓangaren da rijiyoyin suke ya ƙi buɗuwa. Sai wani ɗan saƙo yake fitowa, wai sai an goge wurin kafin a yi amfani da shi. Kafin in iso daga ofis Baba ya kashe ta ya kunna sau goma sha ɗaya, ya kuma ba ta mari a gefe, yadda yake yi wa injin haƙa in ya yi gardama. Ni ma ban bar ta ta huta ba. Na danna wani abin gyara na cikinta, ya yi ta gudu da rubutu na minti ashirin, ya gama, aka koma gidan jiya. Har na kai hannu zan amsa wa saƙon da "to", Mama, wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, ta riƙe min hannu ta ce, "Ke, garin neman gira kada ki rasa ido. Kai ta wurin masu yi."

Wata abokiyar aikina ta haɗa ni da matar wanta, Injiniya ake ce mata. Shagonta yana hawa na biyu a kasuwar wayoyi, ɗan tsukuku, fanka ɗaya, kanta cike da faifan ajiya kowanne a leda da takarda manne a jiki. Na so in tafi ni kaɗai. Ina! Kafin in ɗauko jaka Baba ya rungumi kwamfutar ya tsaya a bakin titi.

Injiniya ba ta da yawan magana, kuma tambayoyinta ba su da daɗi.

"Sau nawa aka kunna ta bayan abin ya faru?"

Baba ya ce, "Sau biyu." Na ce sha ɗaya. Ya harare ni.

"An sa ta ta gyara kanta?"

Na ce an sa. Wannan karon shi ya sami abin dariya.

"Kin kwafi fayilolin a wani wuri?"

Na gyara tsayuwa na ce ƙwarai kuwa, na kwafa a wata jakar fayiloli daban.

"A faifan nan dai? A ɓangaren nan dai?"

Na ce eh. Ta ce, "Kin ɓoye makullin ɗaki a cikin ɗaki ke nan." Wallahi na ji haushinta.

Ta cire faifan, ta nuna wa Baba a tafin hannunta. Ta ce an raba shi gida biyu, ɗaya na aikin kwamfutar, ɗaya na ajiya, kuma na ajiyar ne ya lalace. Rubutun da kansa yana nan kwance. Abin da ya tarwatse shi ne jerin da ke gaya wa kwamfuta sunan kowane fayil da inda yake, kuma gyaran da na yi ya ƙara dagula shi. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Wato ruwa na ƙasa, taswira ce ta ɓata." Ta dube shi a karon farko da kyau, ta ce haka ne, Baba.

Sai ta ce ba za ta taɓa faifan ba tukuna. Za ta kwafe shi gaba ɗaya, ɗigo-ɗigo, zuwa wani sabo, a kan kwafin za ta yi aiki, don in ta yi kuskure asalin yana nan. Kuma tunda ya sha mari, a hankali za ta bi shi. Kwana uku.

Kwana ukun nan ba mu ga da kyau ba. Baba ya zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ya kwance famfon tsakar gida da ba abin da ya same shi, ya ɗaura, ya sake kwancewa. Kullum sai mun hau benen nan, shi da gwiwarsa, ya tsaya a bayan Injiniya yana kallon wani layi da ke rarrafe a allo. "'Yata, ba a ƙara masa wuta?" Ta ce ba a ƙarawa. Ta ba shi kujera, ya zauna ya tashi kamar an ɗana masa ƙaya. A rana ta biyu wani mai haƙa ya zo gida da tambaya, Baba ya ce a ce masa yana barci. Ban taɓa jin ya yi haka ba, kuma ni kaɗai na san wanda ya jawo.

Ranar Juma'a da safe ta kira ni ta ce in zo. Muna shiga ta juyo mana da allo. Ga su nan jere, ɗari shida da bakwai, biyar kawai suka mutu. Baba ya ce alhamdulillahi har sau uku, ya kama hannuna ya matse. Ni kuwa na riga na ga abin da bai gani ba. Babu suna ko ɗaya. Fayil na ɗaya, fayil na biyu, fayil na uku, haka har ƙasa.

Injiniya ta ce wannan ba komai ba ne, sunaye suna cikin jerin da ya lalace, amma ai a buɗe kowanne a duba ciki a sake sa masa suna. Ta buɗe ɗaya. Ga rana da shekara, ga jar ƙasa, ga yumɓu, ga zurfin ruwa. Ta gangara ƙasa, ta dawo sama.

"Ina sunan wurin?"

A ofis ɗinmu haka muke yi: abin da ka sa a sunan fayil ba ka maimaita shi a ciki, ɓata lokaci ne. Baba a saman kowane shafi yake rubuta wurin, ni kuma na ɗauke shi na mai da shi sunan fayil, na wuce. Sau ɗari shida da goma sha biyu na yi haka, ina yaba wa kaina da sauri. Injiniya ta sake bin kwafin har yamma ko za ta tsinci guntun jerin. Ta samo sunaye tara.

A mota na fashe da kuka, na ce, "Baba ka yafe min, ni na kashe maka aiki." Bai lallashe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Akawu, share hancinki. Wa ya haƙa rijiyoyin? Ke ki karanto, ni in faɗa miki wurin."

Haka muka fara. Kullum in na taso aiki sai in tarar ya fito da tebur tsakar gida, yana kai da komo yana duba agogo. In karanto, shi yana tafiya hannu a baya. "Farin yashi zuwa mita shida, baƙin dutse a sha tara, bakin haƙa ya karye." Kafin in rufe baki ya ce, "Makarantar kurame! Mai gadinsu ya yi ta kawo mana shayi." In rubuta. Wata ya daɗe yana murza yatsunsa kamar ƙasar tana hannunsa, sannan sunan ya faɗo. Wata ya ce wuce, za ta zo. A sati uku muka sa wa ɗari biyu da 'yan kai suna. Mama ta ce rabon da ta gan shi haka tun yana da mota. Ni ma na fara samun barci.

Wata ranar Laraba Mama ta kira ni in sauke mata tukunya. Da na dawo na ɓata layi, na karanto masa ta ɗari biyu da takwas, wadda muka gama tun jiya. Jiya ya ce asibitin haihuwa ce, har da labarin wata ungozoma da ta tsaya musu a kai. Yau ko numfashi bai ja ba ya ce, "Gidan man da ke hanyar fita gari. Manajan ɗan rigima ne."

Na koma baya a ɓoye na tsinto guda goma daga waɗanda muka gama, na riƙa cusa su cikin sababbi. Shida ya maimaita abin da ya faɗa. Huɗu ya ba su sabon wuri, da sabon labari, da irin tabbacin nan nasa da ba a musu da shi. Na rasa wanne ne gaskiya a cikin ɗari biyun da na rubuta, ga wasu ɗari huɗu suna jira. Kuma da waɗannan sunayen ne zai gaya wa mutane inda za su kafa inji.

Na ɗago na ga ya daina tafiya, yana tsaye a kaina yana kallon takardar da nake rubutu, inda na jera suna biyu a gaban ta ɗari biyu da takwas.

"Wannan mun taɓa yin ta?"

"Mun yi, Baba."

"Yaushe?"

"Jiya."

Ya jawo kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Jiya me na ce miki?"

"Asibitin haihuwa."

"To riƙe na jiya," in ji shi a hankali. "Jiya na fi yau."

Na soke gidan mai.

"Saura nawa?"

"Ɗari uku da casa'in da tara."

"Gobe ki nemi hutu a ofis," ya ce. "Karanto ta gaba, Akawu. Yi sauri."